Baba ya cire agogon ƙirga taku, ya ce shi ba fursuna ba ne

Assalamu alaikum Anti. Ni 'yar Agege ce a nan Legas. Mahaifinmu ya haura shekara 60, kuma fiye da rabin rayuwarsa a bakin tukuba ya yi ta yana gasa tsire, ga sigari da ya sha a da, ko da yake ya daina. Bara tari da haki suka matsa masa, muka kai shi asibiti, aka sa ya hura iska a wata na'ura. Likita ya ce yana da COPD, wato cutar ƙuntacewar hanyoyin iska na huhu, ba ta warkewa amma ana lallaɓa ta. Ya rubuta masa maganin shaƙa, ya ce ya riƙa tafiya kullum. Yayanmu da ke aiki a Abuja ya aiko masa da agogo mai ƙirga taku, ya haɗa da wayar shi Yayan, ya sa masa taku 10,000 a rana. Kullum da dare sai ya kira ya ce, "Baba, yau 1,800 kawai ka yi." Mama kuma ta ce so ake a kashe mata miji, ko masallaci ba ta son ya je. Shi Baba cewa yake yana tafiya sosai, agogon ne maƙaryaci. Abin da ya ɗaure mini kai, ranar da ya wuni zaune yana jan carbi agogon ya nuna taku fiye da ranar da muka je asibiti. Makon jiya kuma muka gano ashe jikansa yake ɗaura wa idan yaron zai fita ƙwallo. Yaya ya yi faɗa, Baba ya cire agogon ya jefa a durowa, ya ce shi ba fursuna ba ne. Yanzu gaisuwa kawai ke haɗa su. Anti, wa zan gaskata, Baba ko agogo? Kuma tafiyar ce ta fi masa ko hutun?

Daga wata 'yar Agege

Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah Ya ba Baba lafiya, Ya sa kaffara ne, ke kuma Ya saka miki da alheri kan tsayuwar da kike yi a kansa. Ban ɓoye miki ba, na yi dariya da na zo wurin jika da ƙwallo. Amma dattijon da har ya kai ga wannan dabara, kiran daren nan ya daɗe yana ci masa rai, ya rasa yadda zai faɗa wa ɗan cikinsa cewa ya ishe shi.

Bari in fara da tambayarki ta biyu, don ita ce mai amsa a fili. Likita ya yi gaskiya, tafiya ta fi masa zama, matuƙar an bi ta daidai ƙarfinsa. A wannan cuta hanyoyin iska na cikin huhu sun ƙuntace, kuma fitar da iska ya fi shigar da ita wuya. Idan Baba ya fara tafiya numfashinsa ya ƙara sauri, sai ya ja sabuwar iska kafin tsohuwar ta gama fita, kamar danfo a tasha da masu shiga suka danno kafin na ciki su sauka. Ƙirji ya cika, ya ji an shaƙe shi, tsoro ya shigo. Gobe sai ya rage tafiyar don kada abin ya maimaitu. To, ƙafar da ba ta aiki naman jikinta saki yake yi, kuma sakakken nama ya fi saurin gajiya, ya fi jawo haki a kan ɗan ƙaramin aiki. Haka mutumin da a bara yake zuwa bakin titi zai dawo bayan gida ma sai ya huta a hanya, alhali wani lokacin huhun bai ƙara lalacewa haka ba, ƙafafun ne suka mutu da zama.

An auna wannan da na'ura. Wani bincike da aka yi a Beljiyam aka wallafa a 2005 ya nuna masu cutar suna tafiyar kusan minti 44 a wuni, sa'o'insu masu lafiya kuma minti 81. Wani kuma a Jamus a 2011 ya bi marasa lafiya 170 na kimanin shekara 4, ya tarar yawan motsin da mutum ke yi a rana ya fi sakamakon gwajin hura iska nuna wanda zai yi tsawon rai a cikinsu. Rai dai na Allah ne, amma sababi shi ne wannan. Tafiya ba za ta mayar da huhun da hayaƙi ya ci ba. Abin da take yi shi ne ƙarfafa ƙafa da zuciya, har ɗan numfashin da ya rage ya ishe shi yin abin da yake so.

Kada wannan ya sa ki ga Mama a matsayin mai kawo cikas. Ita ce ke kwana da shi. Ita ta san yadda yake tashi zaune cikin dare yana neman iska, lokacin da Yaya ke barcinsa a Abuja. Wanda ya ga haka ko sau ɗaya, dole gabansa ya faɗi duk lokacin da mutumin ya nufi ƙofa. Musu ba zai cire mata tsoron ba. Ku tafi da ita asibiti a ganin likita na gaba, ta ji daga bakinsa, ta tambaye shi duk abin da ke ranta, musamman yadda za ta bambance hakin da ba komai da wanda ke buƙatar a ruga asibiti. Sannan ku ba ta aiki a cikin lamarin: ita ce mai tabbatar da abin shaƙa na aljihunsa kafin ya fita, ita ce mai cewa yau akwai hazo, a yi tafiyar a tsakar gida.

Yanzu batun wa za ki gaskata. Baba ba ƙarya yake yi ba da ya ce yana tafiya sosai. Wahalar da ya sha yake aunawa, kuma wahalar gaskiya ce: daga ɗaki zuwa ƙofar gida na iya cin ƙarfinsa yadda zuwa Pen Cinema zai ci naki. Masu bincike sun daɗe da lura cewa idan aka tambayi mutane yawan motsin da suke yi, galibi sukan faɗi fiye da abin da na'ura ta nuna, masu lafiya da marasa lafiya duka. Shi ya sa ake son a auna.

Amma shi ma agogon yana da nasa kuskuren, kuma kin kama shi da idonki. Ba ƙafa yake gani ba, lilon hannu yake ji. Jan carbi, fifita da mafici, alwala, girgizar keke a kan titi mai ramuka, duk yana iya rubuta su a matsayin taku. A ɗaya ɓangaren kuma, irin waɗannan na'urori sun fi yin kuskure ga mai tafiya a hankali yana jan ƙafa, sukan tsallake takun da yawa, balle idan hannun na riƙe da sanda ko yana dafe da kafaɗar wani. Ina kyautata zaton ranar asibitin nan a hannunki ya dogara, shi ya sa agogon bai ga komai ba. Salla ma, da tsayuwarta da ruku'u da tashi daga sujada, aiki ce babba ga mai irin wannan huhu, kuma da wuya agogo ya ba shi ladanta. Duk da haka kada a yar da shi. Kuskurensa kusan iri ɗaya ne kullum, don haka ko bai faɗi ainihin adadin ba, yana iya nuna miki ko wannan makon ya fi na jiya, muddin a hannu ɗaya ake ɗaura shi kuma ga mutum ɗaya.

Inda aka yi ɓatan kai shi ne 10,000 ɗin nan. Asalin adadin talla ce, wani kamfanin Japan ya fito da shi a 1965 don sayar da na'urarsa ta ƙirga taku, ya bi duniya. Ba a yi shi don dattijo mai ciwon huhu ba, kuma ɗora wa mai taku 1,800 wannan buri daidai yake da gaya masa kowane dare cewa ya faɗi. A wajen masu nazarin wannan cuta, ƙarin taku 600 zuwa 1,100 a rana kan abin da mutum ya saba yi ana ɗaukarsa canji mai ma'ana. Ke nan idan Baba ya tashi daga 1,800 ya kai 2,500 cikin 'yan watanni ya kuma tsaya a kai, an ci nasarar da likitansa zai yi murna da ita. Da kansa za a riƙa gwada shi, ba da jikansa ko ɗansa ba.

Ga yadda zan so ku yi, idan ya amince. Mako na farko kada a ce masa ya ƙara komai. Ya ɗaura agogon a hannun da ba ya jan carbi da shi, daga tashinsa har kwanciya, ya yi rayuwarsa yadda ya saba. Masu bincike sukan nemi aƙalla kwana 4 na awa 8 ko fiye kafin su yarda da sakamako, don rana ɗaya ba ta nuna komai. Mako cikakke ya fi, tunda Juma'a daban take da Talata. Ki tara adadin ki raba da yawan kwanakin, abin da ya fito shi ne mafarinsa. Daga nan sai a ɗora kaɗan, kamar kashi 10 cikin 100, a zauna a kai mako ɗaya ko biyu, in jiki ya karɓa a ƙara. Ba sai a tashi ɗaya ba. Minti 5 bayan azahar, minti 5 bayan la'asar, duk shiga lissafi suke, kuma tsayawa a huta a tsakiyar tafiya ba gazawa ba ce, haka ake koya wa marasa lafiya a asibiti. In ya tsaya, ya jingina da bango ko ya dafa gwiwa, ya ja iska ta hanci yana ƙirga 2, ya tsuke leɓɓansa ya fitar da ita a hankali yana ƙirga 4. Wannan na taimaka wa iskar da ta maƙale ta samu fita.

Ki sayi ƙaramin littafi na 'yan makaranta, don taku kaɗai ba ya ba da labarin duka. A gefen adadin kowace rana a rubuta yadda hakin ya kai, daga 0 zuwa 10, Baba da bakinsa zai faɗa, 0 babu komai, 10 mafi tsanani da ya taɓa ji. Inda ake son ya riƙa tafiya shi ne wajen 3 zuwa 4: yana haki, amma in maƙwabci ya gaishe shi zai iya amsawa har ya tambayi iyali. In magana ta gagara, ya wuce gona da iri, ya rage sauri. A kuma rubuta sau nawa ya tsaya tsakanin gida da masallaci, da duk abin da ya faru a ranar, ruwan sama ne ko mura ko baƙi. Wannan na tsayawa a hanyar masallaci, a ganina, ya fi duk abin da agogo zai nuna shiga ran Baba. Mutumin da a da sai ya tsaya sau 3 kafin ya kai sahu, ranar da ya isa da tsayawa ɗaya ba ya buƙatar kowa ya faɗa masa an samu ci gaba.

Akwai kuma awon da asibiti ne wurinsa. Ana sa mara lafiya ya yi ta kai da komo a baranda mai tsawon mita 30 na minti 6, ana duba bugun zuciyarsa da iskar oksijin ta jininsa, a auna nisan da ya ci. Wannan na nuna abin da jikinsa zai iya, agogo kuma na nuna abin da yake yi a gida, kuma sau da yawa tsakaninsu akwai tazara. Idan aka maimaita bayan wata biyu ko uku aka ga ƙarin mita 30 ko fiye, likitoci na ɗaukarsa ci gaba na gaske. Ku tambayi likitansa wannan gwaji, ku kuma nemi ya tura ku sashen fisiyo, wato masu jinya ta hanyar motsa jiki, don atisayen masu ciwon huhu, wanda galibi shiri ne na mako 6 zuwa 8. Manyan asibitocin koyarwa, LASUTH da ke Ikeja kusa da ku da LUTH da ke Idi-Araba, suna da likitocin ƙirji da sashen fisiyo. Kada ku yi gwajin minti 6 ɗin da kanku a gida, don ana matsa wa jiki ne a cikinsa, ana son ma'aikacin lafiya a kusa.

Wataƙila wani ya ba ku shawarar sayen 'yar na'urar nan da ake maƙalawa a yatsa don ganin oksijin. Tana da amfani, amma a san halinta. Wani bincike a Amurka a 2020 ya nuna ta fi yin kuskure a kan baƙar fata, takan nuna adadi sama da na gaskiya, kuma yatsa mai sanyi ma na ruɗa ta. In kuka saya, likita ne zai faɗa muku adadin da ya dace da Baba, don na masu wannan cuta yakan ɗan yi ƙasa da na sauran mutane. In na'ura ta ce lafiya lau amma kina ganin mutum yana wahala, idonki za ki bi.

Sai inda za a yi tafiyar, don Legas ce. Wani rahoton Bankin Duniya ya ƙiyasta cewa gurɓatar iska ta jawo mutuwar mutum kusan 11,200 a birnin nan a 2018, kuma ƙurar da ke cikin iskar ta kusan ninka ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya na lokacin sau 7. Bakin babban titi lokacin gosulo, inda danfo da tirela ke tsaye suna tuƙa hayaƙi, ba wurin Baba ba ne. Gadar tsallaka titi ma a bar ta tukuna, matakalarta ta fi ƙarfin mafari. Layukan cikin unguwa sun fi, a lokacin da rana ta yi sanyi kuma ba a kunna janareta ba. Ranar hazo a hunturu ko ranar da ruwa ya cika layi, a yi zagayen tsakar gida ko baranda. Cikin ɗakin ma a duba: turaren wuta, igiyar leko, risho da gawayi duk hayaƙi ne, gara gidan sauro, girki kuma a waje. Na san maganar turaren wuta ba za ta yi wa Mama daɗi ba, ki bi ta a sannu. Kuma in ita ma tana yawan tari, a duba ta, don hayaƙin girki na cikin manyan sanadin wannan cuta ga mata a ƙasashe irin namu. In Baba na kewar tukubarsa da abokan hira, wannan ma dalilin fita ne mai kyau: ya je da rana lokacin da yara ke jera nama a tsinke, ya taso kafin a hura wuta.

Yaya kuma, kada ki tsaya a kan laifinsa in za ki yi masa magana. Yana nesa, yana jin bai yi abin da ya kamata ɗan fari ya yi ba, agogon nan shi ne hannunsa da ya miƙo daga Abuja. Ki fara da gode masa, don ba don agogon ba da ba ku san Baba ya zauna haka ba. Sannan ki gaya masa abin da ya faru daga ɓangaren Baba: mutumin da ya ciyar da gida da guminsa, yau ɗansa ke karɓar rahotonsa kowane dare. Ki roƙe shi ya kira ya ba Baba haƙuri, ba tare da ya kawo zancen jika ba, ya kuma cire agogon daga wayarsa sai in Baba da kansa ya ce a bar shi. Kiran dare ya koma na gaisuwa da hira. In yana son ya taimaka da kuɗi, maganin shaƙa ba ya da arha kuma yankewarsa ta fi komai mayar da mara lafiya baya, ga kuɗin mota zuwa asibiti.

Ke ma ki kula kada ki gaji kujerar Yaya ki zama sabuwar mai sa ido. Littafin na Baba ne, a wurinsa zai zauna, ke marubuciya ce kawai in ya ce ki rubuta. Ki same shi lokacin da ransa ke sanyi, ki fara da gaya masa cewa ya yi gaskiya, agogon na kuskure, ki ba shi misalin ranar carbi. Ki tambaye shi ina yake so ya iya zuwa da ƙafarsa nan da azumi, masallacin Juma'a ne ko gidan amininsa, sai a gina lissafin a kan wannan. In ya ce agogon dai ya fita ransa, a bar shi a durowa. Wayar da ke aljihun riga na ƙirga taku, akwai kuma ƙananan na'urori na maƙalawa a ƙugu. In duk ba ya so, agogon bango da littafi sun isa: minti nawa ya yi yana tafiya, sau nawa ya tsaya, haki ya kai nawa. Zai iya ƙirga zagayen tsakar gida da carbinsa, ko a ga sau nawa yake iya tashi daga kujera ya zauna cikin minti 1, a gwada duk mako. In kuma maganar 'ya'ya ba ta shiga, akwai aminansa da limamin unguwa; abokin da zai biyo masa su tafi la'asar tare yakan yi abin da ku duka ba ku iya ba.

Akwai alamomin da ba a jira da su. In yana tafiya ya ji ciwon ƙirji, jiri, ko bugun zuciya ba daidai ba, ya tsaya nan take, a kuma sanar da likita kafin ya sake fita. In hakin bai lafa ba bayan hutu da shaƙar magani, ko magana ta gagare shi, ko ya fara ruɗewa ko barci mai nauyi da ba a saba ba, ko cikin leɓensa da harshensa suka sauya launi, asibiti za a nufa, lambar gaggawa ta Legas kuma 112 ce ko 767. In kaki ya ƙaru ko ya koma ruwan ɗorawa ko kore, ko zazzaɓi ya shigo, ko ƙafa ta kumbura, a ga likita a ranar. Jini a kaki, rama da gumin dare kuma na sa a yi gwajin tarin fuka, wanda kyauta ne a cibiyoyin gwamnati. A nan littafin zai ƙara amfani: in kika ga takunsa ya faɗi kwana 2 ko 3 a jere ba ruwa ba hazo, kada a yi masa faɗa, a tambayi jikinsa, don tashin cutar yakan zo da raguwar motsi.

Ranar komawa asibiti ku tafi da littafin, da Mama, da abin shaƙar kansa. Ku roƙi likita ko nas su sa Baba ya shaƙa a gabansu su gani, don mutane da yawa suna shekaru suna shaƙa ba daidai ba, maganin na tsayawa a baki bai kai huhu ba. Ku kuma tambaya ko ya dace ya shaƙi na buɗe ƙirji 'yan mintoci kafin ya fita tafiya, da kuma allurar rigakafin mura da ta nimoniya.